Katangar da Bahago Ya Yaɓe

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Tsara Gari da Gine-gine na yankinmu.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyar iyali da gajiyar aiki, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin sanyin rai. Ni tela ne, mazaunin Malbaza, a layin gidajen da ke kallon kwalta ta wajen fita zuwa Konni. Bokon da nake rubutu da shi na yaƙi da jahilci ne, da furfura a kaina na koye shi, saboda haka in ka ga harafi ya karkace ka yi mini uzuri, hannun ya fi sabawa da almakashi. Na bi ta jarida ne domin tun bayan girbi nake zarya a buronka, wato ofishinka, har mai gadin ƙofa ya gane ƙarar takalmina, kullum sai a ce ka tafi rangadi. Ban ce ƙarya ake yi mini ba. Sai dai hadari ya fara leƙowa daga gabas da la'asar, shi kuwa ba ya jiran kowa ya dawo daga rangadi.

Maganata a kan katanga guda ce, ta gaban gidana, wadda aka ce in rushe kafin ruwa ya sauka. Ina roƙon a bar mini ita tsaye. Ga dalilaina.

Na farko, abin da ya faru.

Muna gama shigar da hatsi rumbu, samari biyu suka zo daga buronka, ɗaya riƙe da igiyar awo, ɗaya da gwangwanin jan fenti. Yara ne masu ladabi, sun gaishe ni, sun sha ruwa a zaurena. Suka auna, suka rubuta, sannan mai gwangwani ya zana wata babbar alama ja a jikin katangata ta waje, kamar yadda ya yi wa duk gidajen layinmu. Da na tambayi dalili sai ya ce, "Baba, duk gidan da ka kallon kwalta sai an yi mai gaba na dur, bulo da siminti, kahin ruwa shi sauka. Banko ba gida ba na ga takarda, na wucin gadi na." Ya ƙara da cewa wanda ya kasa, ana iya ba wani filinsa, wanda zai iya ginawa.

Banko, ranka ya daɗe, shi ne ginin ƙasa da muka gada, kuma shi ne aka kira na wucin gadi. Na kwana da wannan kalma na tashi da ita. Kakana ya aza tubalin farko na gidan nan, ubana a ciki aka haife shi, a ciki aka yi masa wanka aka fitar da shi. Kwalta ce ta same mu nan, ba mu muka same ta ba. In gidan da ya ga mutum uku a jere na wucin gadi ne, to mu da muke ciki ma na wucin gadi ne, wannan kam ban musa ba, malamai sun daɗe suna gaya mana. Amma ban taɓa jin an yi wa mutum jan fenti a kan haka ba.

Na tambayi samarin ko zan iya gina ta bulo a gaban tawa, in bar tsohuwar a baya. Suka ce a'a, zan shiga filin hanya. Sai dai a kayar da wannan, a tayar da wata a gurbinta.

Na biyu, maganar siminti da abin da yake ci.

Kada a ce tsoho ne mai ƙin zamani. Idan kiɗa ya canza, rawa ma canzawa take yi. Tun da aka ɗaure bakin rijiyar unguwarmu da siminti ba ta sake rufta ba, kuma yaran da ke aiki a izin, wato masana'antar siminti, su ne ke kawo mini yadi ƙarshen wata. Kenan da siminti nake cin tuwo, ko da yake ban taɓa ɗaga buhunsa ba. Ina ma sha'awarsa. Ina zaune a zaure ina taka keke, manyan motoci na wucewa danƙare da buhuna, sai hankalina ya hau bayan ɗaya ya tafi. In bi ta har babban birni, in ga an sauke, an kwaɓa, bene ya tashi yana ta hawa har tagoginsa na sama suna shan iskar da shaho ke sha. Can sai in ji allura ta karye, in dawo Malbaza. Matata Hajo kan ce, "Kai dai Malam kullum kana bisa tahiya, amma ko Konni keken nan bai taɓa kai ka ba."

Sha'awa daban, iyawa daban. Ka san abin da shekarun farin nan suka yi mana. Garke ya ƙare, wanda ke da tumaki ya koma mai igiya. Ban iya lissafin buhun da katanga za ta ci ba, na dai san ko na sayar da keken ɗinkin, bulon da zan samu ba zai kai kafaɗata ba. Daga nan kuma da me zan ci? Siminti a ƙofar gidanmu ake yin sa, dutsen ƙasarmu ake ƙonawa, muna ganin hayaƙin safe da yamma, amma tsakaninmu da shi sai kallo.

Maƙwabcina Mamman Dogo bai tsaya kallo ba. Ya sayar da garkar da ya gada a kwarin Badaguishiri, wadda ke ba shi albasa da rani, ya yi ɗakin bulo da rufin kwano. Ɗakin ya yi kyau, ba na hassada. Amma tun da bazara ta shigo, da hantsi ya ɗaga sai ya ɗauko tabarma ya dawo zaurena na ƙasa, ya miƙe, ya ce nasa ya zama tanda. Albasa kuma yanzu a kasuwa yake saye. Na-Allah mahauci shi tun kafin wannan doka ya bi ta gajeriyar hanya, ya shafe bangonsa na ƙasa da siminti don a ce ya yi dur. Damina biyu aka yi, fatar simintin ta ɓanɓaro gaba ɗaya ta faɗi, aka tarar cikin bangon ya zama dambu. Magina sun ce ƙasa tana shan ruwa tana mayarwa, in aka toshe ta kuwa, wanda ya shiga ta tsaga ba shi da hanyar fita. Don haka ma ban roƙi a bar ni in shafe tawa ba.

Ita ƙasa ba ta taɓa neman kuɗinmu ba, guminmu take nema. Muna ɗebo ta a kududdufin bayan gari, ramin da muka bari ya tara ruwan da dabbobi ke sha har tsakiyar rani. Idan lokacin yaɓe ya yi sai a kira gayya. Yau gidanka, gobe gidana, mata na dama fura, samari na taka kwaɓi da ƙaiƙayi da kashin jaki suna yi wa juna ba'a, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In ɗaki ya tsufa ya faɗi, ba a zubar da shi. A farfasa, a jiƙa, a sake kwaɓawa, ya tashi wani abu. Ɗakin kakata yana nan cikin rumbun da ke tsakar gidana, wani sashe nasa kuma a murhu. Amma je ka bayan tasha ka ga tarin fasasshen bulon da aka zubar tun shekarun baya. Yana nan yadda aka zube shi, awaki na hawa, ko ciyawa ba ta fito a kai ba. Ranar da ɓarɓashinsa ya shiga kwaɓin wani maƙwabcinmu, sai da ya yayyanka ƙafafun masu takawa.

Kwanan baya na kishingiɗa bayan azahar a gindin katangar nan, barci ya ɗauke ni. Na yi mafarki duk bangwayen garin sun miƙe sun jeru, suna tafiya a hankali zuwa kududdufi kamar shanu da maraice. Na gane kowanne. Ga na masallaci a gaba, ga na gidan sarkin aska yana ɗingishi, ga tawa da jan fentinta a goshi. Suka sunkuya suka sha, suka yi birgima a laka, suka dawo sumul kowa ya tsaya a gurbinsa. Ɗakin Mamman Dogo kaɗai bai motsa ba, yana tsaye a rana, kwanonsa na ƙara. Har tausayi ya ba ni. Na farka na tarar da mai ɗakin a gefena yana minshari.

Na uku, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Duk wanda na faɗa a baya, kowane mai gida a layinmu zai iya faɗar sa. Wannan kam nawa ne ni kaɗai, kuma da nauyi nake faɗa.

Muna da ɗan fari, namiji. Ba zan rubuta sunansa ba. In kai ɗan ƙasar nan ne ka san dalili: uwa da uba ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa wasa da shi, ba sa nuna nasu ne. Kunya ce da muka tarar, mu ma haka aka yi mana. Da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Hajo ta riƙe wannan kunya fiye da kowace mace da na sani. Ko ya faɗi ya fasa gwiwa a gabanta, sai ta kau da kai ta kira wata ta ɗauke shi. In za ta ba shi abinci sai ta ajiye kwano ta ce wa iska ga tuwo nan. In dole ta ambace shi, sai ta ce yaron gidan nan. Sau ɗaya na ga hannunta ya kai jikinsa da gangan, shi ma duka ne, don ta ga yana kai loma da hagu.

Bahago ne. An ɗaure hannun, an yi faɗa, an yi lallashi, har ya koyi ci da dama, amma aiki duk da hagu yake yi. Ranin da zai tafi Kurmi neman kuɗi, kafin farin nan, muka yi gayyar yaɓe a gidana, aka ba shi cikin katangar gaba, daga ƙofar ɗakin uwarsa har zuwa inda randunan ruwa suke, kusa da zaure. Ka san yaɓe da hannu ake yi. A jefa ƙasa, a shafe ta da tafi, yatsu su bar sawu a lanƙwashe. Na kowa yana kwantawa gefe guda, nasa ya kwanta ɗaya gefen. Sarkin magina ya zo ya tsaya yana dariya, ya ce, "Wagga katanga ta ɗan tela ba ta bin liman, kowa ya yi gabas ita ta yi yamma." Aka yi ta yi masa tsiya har aka sha fura. Ina ganin ranar kamar yanzu: rana ta yi sanyi, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika gida, shi yana bisa tsani laka har gwiwar hannu, yana waƙa ƙasa-ƙasa. Uwarsa tana bakin murhu ta juya masa baya.

Bayan sati ya tafi. Da damina ta zagayo, wani mutumin Tajaye da suka yi zama tare ya zo ya tsuguna a zaurena, ya ce zazzaɓi ne, kwana kaɗan ya yi, 'yan uwa Musulmi sun yi masa sutura. Ba mu san kabarinsa ba, ba kuwa za mu sani ba. Kayansa ma ba su iso ba. Ni na shiga gona na yi kukana a cikin dawa inda ba mai gani. Hajo ba ta yi ba. Mata na shigowa gaisuwa suna kuka, ita tana miƙa musu ruwa. Bayan shekara biyu sai wata farar yana ta fara rufe mata ido, yanzu ko hasken rana ba ta bambancewa. Likita ya faɗi sunan ciwon. Matan unguwa suka ce hawayen da ta hana fita ne suka koma ciki suka daskare. Ban san wanda ya fi gaskiya ba.

Cikin katangar nan rumfa ta rufe shi, ruwa ba ya dukansa, don haka yaɓen yaron yana nan yadda ya bar shi. Duk shekara ina sa a yaɓe waje, ciki kuwa na ce kada a taɓa, ban kuma faɗi dalili ba, ba wanda ya tambaya. Da idon Hajo ya tafi, jikokinmu suka yi mata sanda, ta jefar. Tana fitowa daga ɗaki sai ta ɗora hannu a katangar, yatsunta su shiga cikin sawun yatsunsa, ta bi su a hankali har randa. Da asuba haka, da azahar haka, da magariba haka. Wani lokaci tana kaiwa randa ba ta ɗebi komai ba, sai ta juyo. Wurin da take bi har ya yi santsi yana ɗan ƙyalli. Na taɓa tsokanarta na ce ruwan randar nan ba ya ƙarewa ne, ta ce, "Hanyata ta, Malam. Mi kaka so in kama, iska?" Na koma kan kekena.

Daga kan kekena ina hango ta ta ƙofar zaure. Sai in rage taka, in bar ɗinkin. Wani sa'in idona kan yaudare ni, in ga kamar katangar ba ta bushe ba, kamar yana can gaba kaɗan yana shafawa, ita tana biye, yana ja mata gora yadda ɗa ke ja wa uwarsa. Matar da ba ta taɓa riƙe hannunsa yana raye ba, yanzu kullum hannunta a cikin nasa yake, kuma ba wanda zai ce ta yi rashin kunya, tunda makauniya ce mai neman hanya. Ranka ya daɗe, abin yana yi mini daɗi, yana kuma yi mini ciwo, ban san yadda zan raba su ba. Jan fentinku a bayan wannan wurin daidai ya sauka.

Magini zai iya tayar mini da ta bulo cikin 'yan kwanaki, in da hali, ya shafe ta da cokalinsa sumul, babu sawun kowa. Hajo za ta iya bin ta zuwa randa, ban ce ba za ta iya ba. Amma na san matata. Ba za ta fito ba.

Saboda haka, cikin ladabi, ga abin da nake roƙo.

Ina roƙon ka zo da kanka, ko ka aiko wanda ka amince da shi, domin gani ya kori ji. Zaurena da sanyi, akwai tabarma, in Mamman Dogo bai riga ka ba. Ka duba katangar, ka ƙwanƙwasa, in ka ga tsaga ko karkata, ni da kaina zan ce a kayar, ba na son ta faɗa wa ɗan kowa.

Ina roƙon a sake duba wannan doka, a ɗauki gidan ƙasa da ake yaɓewa duk shekara a matsayin gida. In kyan gani ake nema don baƙin da ke wucewa a mota, farar ƙasa na nan birjik a yankinmu, za mu shafe layin duka ya yi fari fat. In ƙarfi ake nema, a bar mu mu sa siminti kaɗan inda ya dace, a gindin bango inda ruwa ke fallatsa da kuma bakin indararo. Wannan talaka zai iya ba tare da ya sayar da gonarsa ba, sauran buhunan kuma su tafi rijiyoyi da lakwal, wato makaranta, da asibiti, inda ƙasa ba za ta iya ba. Ina yawan hango layin nan namu a haka: fararen katangu da safe, itacen bedi ya yi inuwa, motocin siminti na wucewa, kowa na harkarsa ba wanda ya tsone wa wani ido.

In kuwa duk wannan bai yiwu ba, in doka ta riga ta bushe, to ga roƙona na ƙarshe, kuma ba nawa ba ne. Na ɓoye wa Hajo maganar fenti har wata guda, sai jikarmu ta yi suɓul da baka. Washegari na gan ta ta tsaya a tsakiyar katangar, tafin hannunta a shimfiɗe, ta daɗe. Sannan ta kira ni, ta ce, "Malam, in sunka kada ta, kar ka bari a kwashe. Ka aje min ƙasar wuri guda. Ran da nit tahi, da ita za a ruhe ni. Hannun ɗana na ciki."

Tun ranar da aka haife shi ban taɓa jin ta ce ɗana ba sai ranar nan.

Don haka, in rushewar ta zama dole, a sanar da mu ranar tun da wuri. Kada a aiko katafila ta ture ta, a loda a mota a kai bayan tasha. A bar mu mu kira gayya, mu sauke ta da hannu yadda aka tayar da ita, in tara ƙasar a ƙarƙashin rumfa in rufe da tabarma, ta jira mai ita.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama da aikin gwamnati lafiya. Allah ya raya maka zuriyarka, ya dawo maka da duk wanda ya yi tafiya a cikinsu. Allah ya ba mu damina mai albarka, mai sauka a hankali.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Malam Abdu Tela,
gidan da ke da jan fenti, bakin kwalta, Malbaza.